Kwanakin da Inna Ta Riƙa Sakin Maraƙi

Tun da muka baro bakin kogi muka tare a cikin garin Diffa, kunnena bai sake jin ƙarar tatsa ba. Wanda bai taso kusa da saniya ba, ba zai gane abin da nake kewa ba. Madara tana faɗawa cikin busasshiyar ƙwarya da ƙara mai kaifi, idan ƙwaryar ta soma cika sai muryar ta yi laushi ta nutse cikin kumfa. Da wannan muke farkawa muna yara. Yanzu abin da ke tashe ni shi ne rurin motocin soja a kan kwalta da kiran masu tallar ruwa. Madara kuwa ta zama gari a cikin leda, a dama da ruwan famfo, jikokina su sha suna lashe baki wai da daɗi. Ba na yi musu gardama, tunda ba su san wata ba.

Ƙauyenmu yana gabas da nan, ba nisa da Geskeru. Asalinmu Damagarawa ne, fataucin tattasai da bandar kifi ya kawo kakanmu ya zauna cikin Barebari, har muka tashi muna jin harsuna biyu. Yau ba kowa a can. Da fitinar nan ta iso, mun fito da abin da kai zai iya ɗauka, muka bar tattasai ja a gona ba mai tsinka. Aka hana shiga ruwa, aka hana hawa babur, kasuwannin bakin kogi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ne na ga ya ƙaru a wannan zama, shi ne magani. Ga shi nan a faranti a kan kowane yaro mai talla, yana shan rana tare da alewa da ashana, kowa likitan kansa.

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida na hango maƙwabciyarmu, wata yarinya da ta gudo daga tsallaken Najeriya, ta kafa bukka a jikin katangarmu. Mijinta ya daɗe yana tari. Na ga ta ɗauko kafson nan ja da rawaya ta ɓalle shi, tana shirin zazzage garin cikin kofin fura da nono. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da gwiwata ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ce, "Ɗiyata, tsaya. Ki ba shi da ruwa zalla, furar ki ajiye sai an jima." Ta dube ni kamar tsufa ya fara taɓa min kai, amma tana da ladabi, ta yi yadda na ce. Ni kuma na koma kan tabarmata na wuni tare da tunanin mahaifiyata, Inna, Allah ya jiƙanta, domin a hannunta na koyi wannan abu, kuma ba da sauƙi ta koya ba.

A zamanin ƙuruciyarmu maganin gida uku ne: saiwa, kanwa da madara. Ciki ya murɗa, a jiƙa kanwa. Mace ta haihu, kunun kanwa. Mutum ya kwanta ciwo, ko da gidan ba a ɗora tukunya ba, sai an nemo masa madara mai ɗumi, kuma abin kunya ne a ji cewa mara lafiya ya wuni a gidanku bai sha ba. Muna da saniya guda, fara, irin ta tafki mai manyan ƙahoni. Aikina ne in ɗaure maraƙinta a turke da magariba, nesa da uwar, don hantsar ta cika kafin safiya. Da asuba sai in kwance shi ya ɗan tsotsa har madarar ta sauko, in janye shi da ƙyar yana turjewa, Inna ta durƙusa ta tatsa. Daga nan sai daka, sai ɗebo ruwa a kogi, sai shanyar tattasai da ke sa mu atishawa har hawaye. Muna ƙorafi a lokacin, ni da ƙawayena, muna cewa wahala ta yi yawa. Yau da za a mayar mini da wahalar nan da na karɓa hannu biyu.

Maganin Turawa kuwa a jakar mutum ɗaya yake. Majo muke ce masa, shi ne babba a gidan likitan da ke garin kasuwa, kuma yakan zagayo ƙauyuka a kan doki. Dogo ne, mutumin yamma, Hausarsa tana ɗingishi, ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" da Faransanci. Idan ya sauka sai ya sa a hura wuta, ya tafasa sirinjin gilashi a cikin wani ɗan kwano, ya zuƙo penisilin. Mazajen da ke kwana a ruwa suna kokawa da giwan ruwa, da sun ji ƙarar kwanon nan sai ka ga kowa ya tuna yana da aiki a gona. Wani tsoho ya taɓa roƙonsa ya zuba masa a baki ya sha, a bar masa ɗuwawunsa. Majo ya ce ba ya yiwuwa, tsamin ciki zai kashe maganin kafin ya kai ko'ina. Mun ɗauka mugunta ce kawai irin ta masu allura.

Sai da na tsufa autata, wadda ta yi karatun magani a Damagaram, yanzu tana aiki a wata farmasi, wato kantin magani, a nan cikin gari, ta wanke Majo daga wannan zargi. Ta zana mini a ƙasa da yatsa. Ta ce kowane magani da irin ƙirarsa, kuma ƙirar ce aikinsa. Penisilin yana da wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu, a matse yake kamar tarkon da aka ɗana. Idan ya tarar da ƙwayar cuta tana gina katangar jikinta sai ya fashe ya cafke maginin, katangar ta rushe. To tsamin ciki yana fasa zoben tun a hanya, shi ya sa na dā sai ta allura. Daga baya aka ƙara masa wani ɗan reshe a gefe da ke kare shi, shi ne wanda ake haɗiya yanzu. Na ce mata Allah sarki, ashe ɗan reshe guda ne ya tsaya tsakanin mazan ƙauyenmu da mutuncinsu.

Shekarar da na zama budurwa Baba ya kwanta. Bazara ce, kogi ya janye ya bar tabkuna, makiyaya duk sun kora shanunsu zuwa babban tafki, saniyarmu kaɗai ta rage mai tatsa a ƙauyen. Zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da busasshen tari da ke sa shi riƙe haƙarƙari. Mutumin da ke ɗaukar buhun tattasai shi kaɗai ya koma sai an tallafe shi ya zauna. Majo ya yi masa allura kwanaki, ba ta kama ba. Sai ya zaro wani gwangwani daga jakarsa ya ce wannan sabon abu ne, kafso, a haɗiya sau huɗu a wuni, yana shiga inda allura ba ta kai ba. Ya bar mana gwangwanin, rabi ne ya rage a ciki, ya hau dokinsa ya tafi.

A ranar Gwaggo ta tare a gidanmu. Yayar Baba ce, ita ta raine shi tun uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Da madarar akuya ta raya shi, tana ɗiga masa da yatsa, kuma ba ta gajiya da ba da wannan labari. Mace ce mai zafi, ƙarama a jiki, muryarta tana kai wa ƙarshen unguwa. Ina tsoronta, ina kuma sonta, don ba ta taɓa zuwa gidanmu hannu wofi ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadon ƙanenta ta karɓe jinya gaba ɗaya. Inna ta ja da baya. A wancan zamani matar ƙane ba ta ja da yayar miji, ko da kuwa ta ga rami a gabanta. Aikin Inna ya zama tatsa da dahuwa, ta miƙa daga bakin ƙofa.

Da Majo ya dawo ranar kasuwa ya tarar Baba ya ƙara zubewa, idanunsa sun faɗa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Bon. Ku nuna mini yadda kuke ba shi." Gwaggo ta gyara zama, don ta san ba a fi ta iya jinya ba. Ta ɗauko madara mai ɗumi, ta jefa ɗan gutsuren kanwa, ta ɓalle kafso ta zazzage a ciki, ta motsa da ludayi. Majo ya dafe kai.

"Uwa, kullum haka?"

"Kullum. Maƙogwaronsa ya bushe, ta ina wannan abu mai kama da ƙwaro zai wuce? Kuma ba a ba mutum magani a kan cikin wofi."

"Laifina ne da ban hwaɗa ba," in ji Majo. "Maganin nan da madara ba su tahiya tare. Da sun haɗu sai su rungume juna, su wuce ta ciki su hita, jiki bai samu komi ba. Kanwa ma haka. Ruwa kaɗai. Madara sai an daɗe bayan ya haɗiya, kuma a tsayar da ita tun da sauran lokaci kahin na gaba."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Yaro, da madarar nan na raya shi tun ba a haihi ubanka ba."

Majo bai ja da ita ba. Da zai fita ya tsaya wajen Inna a bakin murhu, ina tsaye ina ji. Ya rage murya ya ce mata abin da ya rage a gwangwanin shi ke nan gare shi, motar da ke kawo magani ba za ta zo ba sai bayan damina. Idan wannan ma ya tafi a madara, ba shi da wani abu da zai yi wa maigidanta.

Wannan ma autata ta fayyace mini shi bayan shekaru. Ta ce kafson nan zobba huɗu ne a jere, a gefe guda suna da wasu 'yan yatsu masu kamu. Da yatsun nan yake shiga cikin ƙwayar cuta ya riƙe wurin da take ƙera abin rayuwarta, ba ruwansa da katanga, shi ya sa yake cin irin cutar da allura ta kasa. Amma yatsun ba su da wayo. Abin da ke cikin madara mai gina ƙashi, da sun same shi sai su damƙe, su zama dunƙulen da hanji ba ya iya tsotsa. Ta ce shi ya sa ma ba a ba ƙananan yara, don yana maƙalewa a haƙori ya rina shi. Na ce to me ya hana masu ilimin su yanke yatsun kowa ya huta? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Inna, in an yanke su ai ba sauran magani."

Mahaifiyata ba ta san zobe ba, ba ta san yatsa ba. Abin da ta sani shi ne mijinta yana tafiya, kuma gwangwani yana raguwa. Kanwa ba ta ba ta wahala ba, ta tattara ta ta cusa a ƙasan rumbu ta ce ta ƙare. Madara ce ba ta ɓoyuwa, ga saniya tsaye a tsakar gida kowa yana gani. Ta gwada lallashi. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ko a ba shi maganin da ruwa, in rana ta ɗaga a ba shi madarar?" Gwaggo ta ce to, don ba ta son a ce ta ƙi jin magana. Amma ƙwaryar tana gefenta a rufe da faifai, kuma da Baba ya yi tari sai hannunta ya kai gare ta. Ba taurin kai ba ne kawai. Ba ta iya kallonsa yana shaƙewa alhali ga abin da ta sani yana sanyaya maƙogwaro. Ko ni da aka sa ni a wurin, ban tabbata zan iya ba.

Washegari da na fito da asuba na tarar da maraƙi a ƙarƙashin uwarsa, cikinsa ya yi tulu, bakinsa duk kumfa. Hantsar ta yamutse, ko cikin ludayi ba za a samu ba. Ni kuwa na san na ɗaure shi, ɗauri biyu ma. Gwaggo ta fito da ƙwarya a hannu, ta ga abin da ya faru, ta yo kaina da faɗa. Sai Inna ta shiga tsakani.

"Ba ita ba ce, Yaya. Ni na ɗaure shi jiya, ina jin ban ja igiyar sosai ba."

Na buɗe baki zan yi magana, ta dube ni sau ɗaya, na rufe. A ranar Baba ya haɗiyi kafsonsa da ruwan randa, yana yamutsa fuska, Gwaggo tana shafa masa baya tana ambaton sakacin matan zamani. Gari ya sake wayewa, maraƙi ya sake kwancewa. Da rana ma Inna ba ta raba su, sai ta ce ta sha'afa. Gwaggo ta karɓi igiyar ta ɗaure da hannunta, ɗaurin da ko jaki ba zai kwance ba, amma da safe aka tarar da shi yana tsotso. Ta aika gidajen maƙwabta neman madara, ba a samu ba, shanu suna tafki.

Daga nan magana ta fita. Ƙauye ne, kafin azahar kowa ya ji. A bakin ruwa mata suka riƙa yin shiru idan Inna ta iso da tulunta. Wasu suka ce raguwa ce, barci ya fi mata mijinta. Wasu suka ce abin ya wuce ragwanci, mace ba ta hana mai jinya madara sai da wata manufa a ranta. Wannan ta biyun ita ta fi ciwo. Gwaggo da kanta ta tsaya a tsakar gida ta ce, da ƙarfi yadda na bayan zana za su ji, "Ƙanena yana kwance, an ƙoshar da ɗan saniya an bar ɗan mutum. Allah yana gani." Inna tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Na tsani kowa a kwanakin nan. Na ce mata, "Inna, ki faɗa musu mana." Ta ce, "In na faɗa, na ce Yaya ce ke kashe shi ke nan. Je ki ɗebo ruwa." Ita ma ta daina cin abin kirki, zanenta ya riƙa zamewa daga ƙugu. Maraƙin ne kawai ya ga duniya, ya yi ƙiba har ya kama zawo.

Zazzaɓin bai sauka lokaci guda ba. Ya riƙa rage zafi, yana daɗewa bai dawo ba. Wata rana Baba ya ce yana son tuwo da miyar kuka, muka dubi juna kamar ya yi wani yare. Tarin ya yi laushi. Kafin gwangwani ya ƙare ya fara zama da kansa, yana tambayar ko an gyara shingen gona. Gwaggo ta ce rubutun da ta karɓo wajen liman ne ya yi aiki duk da yunwar da aka ƙaƙaba masa, kuma ba wanda ya musa mata. Da Majo ya zo ya ga gwangwani wofi da mutum a zaune, ya ce "bon" har sau uku, ya ce nan da jibi a ba shi madara iya cikinsa.

Mutanen ƙauye ba su taɓa janye maganarsu duka ba. Har Inna ta tsufa akwai masu ce mata mai sakin maraƙi, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba, ita kuma sai ta yi murmushi ta wuce. Ita da Baba da Gwaggo, su ukun yanzu suna kwance a maƙabarta guda a bayan ƙauye, inda ba mai iya zuwa ko cire ciyawa. Wannan yana cina fiye da gidan da gonar da muka bari. Idan abin ya taso mini sai in koma safiyar da aka sake yin tatsa a gidanmu.

Na fito na tarar Baba ya riga kowa. Ya dogara sanda ya je turke, ya riƙe maraƙin da kansa, sannan ya zauna a kan turmi yana haki. Inna ta durƙusa ta fara tatsa. Gwaggo ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Yau an tuna da igiya ke nan."

"Yaya, zo ki zauna," in ji Baba. Ta zo ta tsaya, ba ta zauna ba. Ya ce, "Ina kwance, amma kunnena bai yi ciwo ba. Kullum kahin kiran salla ina jinta ta bayan zanan nan. Sai ta kwance igiyar, ta tsaya tana kuka har ya gama sha, sannan ta wanke huska ta hura wuta. Ba mantuwa ba ce, Yaya."

Inna ta ci gaba da tatsa kamar ba da ita ake ba, sai dai ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa cikin saniyar. Da ƙwarya ta cika ta tashi, ta wuce Baba, ta durƙusa gaban Gwaggo ta miƙa mata da hannu biyu. Ta ce, "Yaya, ke za ki ba shi."

Gwaggo ta karɓa. Ta kai bakin ƙanenta kamar yadda ta saba, tana tare haɓarsa da tafin hannu. Ya sha sosai. Bai kai rabi ba ta janye ƙwaryar, ya bi ta da ido, ta ce ya isa haka. Ta juya ta miƙa wa Inna, ba tare da ta dubi fuskarta ba.

"Ungo, shanye," ta ce. "Kin rame."